Ɗan Mutum-mutumin Roba da Farashin Ɗan Adam

A watan Agusta na shekara ta 2024 wani gidan gwanjo na ƙasar Amurka mai suna Goldin ya sayar da wani ɗan mutum-mutumi na roba a kan dala 1,342,000. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ba, wadda take tamma biyar. In an juya kuɗin zuwa sefa bisa ga canjin lokacin, sun yi kusan miliyan 800. Abin da aka saya kuwa tsawonsa bai cika santimita goma ba. Ba zinariya a jikinsa, ba azurfa, ba kuwa wani sarki ko annabi da ya taɓa riƙe shi. Siffa ce ta wani mutum da bai taɓa rayuwa ba, sunansa Boba Fett, ɗaya daga cikin miyagun labarin sinima da ake kira Star Wars. Sana'arsa a cikin labarin ita ce farautar mutane. Wanda ya gudu daga hannun mai iko, sai a sa kuɗi a kansa, Boba Fett ya bi sawunsa, ya kamo shi, ya miƙa shi, ya karɓi ladansa.

Mai bi da ya ji wannan labari zai iya kaɗa kai ya ce haukan masu kuɗi ne kawai, ya wuce. Amma irin wannan siffa, wadda ba ta da tsada, tana zuwa kasuwanni cikin dilar kayan gwanjo, tana shiga gidajen masu bi a hannun yara. Saboda haka tambayar ta iso ƙofar gida. Ya dace mutumin Allah ya ajiye siffar mugu, ya yi sha'awarta, har ya ba ɗansa ya yi wasa da ita?

Yadda abin ya fara

Fim na farko na Star Wars ya fito a 1977, George Lucas ne ya tsara shi. Labari ne na yaƙi tsakanin wata muguwar daula da 'yan tawaye a duniyoyin da ke can cikin taurari. Wani kamfanin kayan wasan yara mai suna Kenner, da ke birnin Sinsinati a jihar Ohayo, ya sami izinin yin siffofin mutanen labarin. Fim ɗin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata, har Kirsimati ta 1977 ta zo kamfanin bai gama yin kome ba. Sai ya sayar wa iyaye kwali wanda ba siffa ko ɗaya a ciki, sai takardar alkawari cewa za a aiko da siffofi huɗu ta gidan waya a shekara mai zuwa. Mutane kuwa suka saya. Tun daga farkonta ke nan wannan kasuwa ta koyi cewa marmarin abu yakan sayu kafin abin ya samu.

Boba Fett bai fito a fim na farko ba. An fara nuna shi a talabijin a watan Nuwamba na 1978, cikin wani ɗan guntun zane mai motsi. Daga nan Kenner ya yi shela cewa duk yaron da ya aiko da shaidar sayen siffofi huɗu, za a aika masa da Boba Fett kyauta. Aka kuma yi alkawari cewa a bayan siffar akwai wata 'yar roka ja wadda za ta fita da ƙarfi in an taɓa wani maɓalli. Yara suka aika da takardunsu, suka zauna suna jira.

Kafin a fara aikawa, sai wani abin baƙin ciki ya faru. A ƙarshen Disamba na 1978 wani yaro ɗan shekara huɗu a Amurka ya rasu, bayan irin wannan 'yar roka ta wani abin wasa na kamfanin Mattel ta shige masa maƙogwaro. Kenner ya fasa shirinsa. Aka manne rokar a bayan siffar yadda ba za ta fita ba, aka aika wa yara a 1979 tare da 'yar takarda mai bayyana cewa an cire maɓallin domin lafiyarsu. Amma 'yan kaɗan daga cikin siffofin gwaji, masu harba rokar, ba su hallaka ba, gama waɗansu ma'aikata sun tafi da su gida. Su ne yau ake tsere a kansu. An sayar da ɗaya a kan dala 185,850 a 2019. A watan Mayu na 2024 aka sayar da wata a kan dala 525,000, bayan wata uku kuma sai wadda aka ambata a farko.

Gunki ne?

Tambayar da takan fara zuwa bakin dattawan ikkilisiya ke nan, ita ce kuwa mafi sauƙin amsawa. Doka ta biyu cikin Fitowa 20 ta hana yin siffa domin a rusuna mata, a bauta mata. Amma Allah wanda ya ba da dokar shi ne ya umarci a yi kerubobi a kan akwatin alkawari, shi ne kuma ya sa Musa ya ƙera macijin tagulla a jeji. Macijin nan ya daɗe a hannun Isra'ilawa ba laifi, sai ran da suka fara ƙona masa turare, sa'an nan sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Tagullar ba ta sāke ba, zukatan mutane ne suka sāke. Yaron da ya gina doki da yumɓu a bakin tafki, ko yarinyar da ta goya 'yar tsana, ba wanda ya taɓa cewa suna bautar gumaka. Roba ba ta fi yumɓu zunubi ba.

In akwai bautar gunki a cikin wannan al'amari, ba a kan tabarmar yaro za a same ta ba. Manzo Bulus ya kira kwaɗayi da sunan bautar gumaka (Kolosiyawa 3:5). Wurin da ya kamata a duba ke nan, za a kuwa komo kansa. Amma da fari akwai wata tambaya da ta fi ta gunki nauyi, wato ko siffar wane ne wannan, me kuma ya sa zuciya take karkata gare shi.

Mutumin da ba shi da fuska

Boba Fett ya shiga sinima sosai a fim na biyu, The Empire Strikes Back, a 1980. Wani Baturen Ingila mai suna Jeremy Bulloch ne ya sa kayan. Ba a ga fuskarsa ko sau ɗaya ba. Kansa yana cikin kwalkwali mai ɗan tsagi kamar harafin T, jikinsa yana cikin sulke kore wanda duk ya ƙoƙe ya lotsa, alamar ya sha yaƙi. A kafaɗarsa akwai kitson gashi yana reto, wanda ake ɗauka na waɗanda ya kashe ne. Duk tsawon fim ɗin jimla huɗu kaɗai ya furta.

Ya kamata a dubi jimlolin nan huɗu, gama su ne dukan abin da aka sani game da zuciyarsa a lokacin da yara suka ƙaunace shi. Ta fari amsa ce ga Darth Vader, babban mugun labarin, wanda ya gargaɗe shi kada ya hallaka waɗanda zai kamo. Ya amsa cewa zai yi yadda aka so. Ta biyu da ta uku duk a kan Han Solo ne, mutumin da ya kama. Sa'ad da ake azabtar da Solo, Boba Fett ya nuna damuwa, amma damuwarsa ita ce gawa ba za ta amfane shi ba. Sa'ad da za a daskarar da Solo da rai cikin wani abu kamar allon ƙarfe, sai ya tambaya abin da zai faru in mutumin ya mutu, gama yana da tsada a gare shi. Ta huɗu umarni ce, cewa a sa Solo a ɗakin da ake loda kaya a jirginsa. Ke nan jimla ɗaya ta biyayya ga mai biya, biyu na lissafin riba, ɗaya kuwa ta mai da mutum kaya.

To, me yara da manya suka gani a wurinsa? Ba mugunta ce ta ja su ba, ya kamata a faɗi wannan domin adalci. Abin da suka gani shi ne gwaninta. Vader ya tara maharba da yawa, amma Boba Fett kaɗai ya gane dabarar da Solo ya yi ya ɓuya. Ba ya surutu, ba ya fariya, ba ya rawar jiki a gaban Vader wanda manyan hafsoshi suke tsoro. Waɗannan halaye ne da kowace al'umma take girmamawa. Bahaushe ma yana yabon namiji mai kunya da kawaici, wanda aikinsa yake magana a madadinsa. Littafin Karin Magana ya yabi mai ƙwazo a sana'arsa, ya kuma yabi mai kame bakinsa.

Haɗarin yana cikin wannan yabo. Gwaninta kyauta ce daga Allah, amma ba ta da alƙibla ta kanta. Wuƙar mahauci da wuƙar ɗan fashi duk maƙeri ɗaya ne ya wasa su. Abin da siffar Boba Fett take koyarwa a hankali, ba tare da ta ce kome ba, shi ne mutum zai iya zama abin sha'awa saboda iya aikinsa kaɗai, ko da wa yake yi wa aikin, ko kuwa wa aikin yake cuta. Vader yana da abin da ya gaskata, ko da yake mugun abu ne. Boba Fett na 1980 ba ya ƙin Solo, ba ya ƙaunar daular. A wurin mutane da yawa wannan ya sa ya fi Vader sauƙin laifi. Amma tsofaffi sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Azzalumi mutum ɗaya ne, hannunsa biyu ne, ba zai iya kamo kowa ba sai ya sami waɗanda za su ce su dai aikinsu suke yi.

Kwalkwalin kuma yana taimakon wannan ruɗi. Fuskar da ba a gani ba ta jin kunya, ba ta kuwa nuna tausayi. Kowane yaro yana iya sa tasa fuskar a ciki.

Birnin da ke bakin kogi

Akwai wani abu game da birnin Sinsinati wanda masu tara siffofin nan ba su cika ambata ba. Birnin yana bakin kogin Ohayo. A ƙetaren kogin jihar Kentaki ce. Kafin yaƙin basasar Amurka, wanda aka fara a 1861, Kentaki ƙasar bauta ce, Ohayo kuwa ba a bauta a cikinta. Bawan da ya ƙetare kogin ya taka ƙasar 'yanci, amma bai tsira ba tukuna, gama a bayansa akwai mutane masu dawakai da karnuka da takardar shela a aljihu, waɗanda sana'arsu ita ce kamo bayin da suka gudu domin lada. Sana'ar Boba Fett ba ƙagen masu sinima ba ce. An yi ta a titunan birnin da aka tsara siffarsa.

A 1850 majalisar Amurka ta kafa doka a kan bayi masu gudu. Dokar ta tilasta wa jami'an jihohin 'yanci su taimaki masu kamun. Wanda ya ɓoye bawa ko ya taimake shi, ana iya cinsa tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida. Wanda aka kama ba shi da izinin ba da shaida a kan kansa. Jami'in da yake yanke maganar kuwa ana biyansa dala goma in ya miƙa mutumin ga mai nemansa, dala biyar in ya sake shi. A watan Janairu na 1856 wata baiwa mai suna Margaret Garner ta ƙetare kogin a kan ƙanƙara tare da iyalinta, suka shiga Sinsinati. Da masu kamun suka kewaye gidan da suka ɓuya, sai ta kashe 'yarta ƙarama da hannunta don kada a mai da ita bauta. Aka mai da ita da sauran iyalin ga ubangidansu bisa ga doka.

A bakin wannan kogi kuma akwai masu bi da suka ƙi dokar. John Rankin, fasto ne a garin Ripley, gidansa yana kan tudu, yakan kunna fitila da dare domin masu ƙetarewa su ga inda za su nufa. Levi Coffin, wanda ya koma Sinsinati a 1847, ya ɓoye bayi masu yawan gaske a gidansa. Mutanen nan suna da nassi a hannunsu. Maimaitawar Shari'a 23:15-16 ta hana Ba'isra'ile ya mai da bawan da ya gudo wurinsa ga ubangidansa, ta kuma ce a bar shi ya zauna inda ya zaɓa, kada a zalunce shi. Fitowa 21:16 ta yanke hukuncin kisa a kan wanda ya saci mutum, ko ya sayar da shi ko an same shi a hannunsa. Bulus kuma ya lasafta masu satar mutane tare da masu kisankai (1 Timoti 1:10). Dole a faɗa da kunya cewa a ƙetaren kogin ma akwai masu wa'azi da Littafi Mai Tsarki a hannu, suna kafa hujja da wasiƙar Filimon cewa Bulus ya mai da Unisimas. Sun manta Bulus bai karɓi lada ba. Ya roƙi a karɓi Unisimas kamar ɗan'uwa, ya kuma ce in akwai bashi a ɗora a kansa shi Bulus. Mai farauta yakan karɓi kuɗi a kan wanda ya kamo, manzon kuwa ya yi alkawarin biya.

Sunan jirgin Boba Fett a cikin labarin shi ne Slave I, wato Bawa na Ɗaya. Shekara arba'in ana buga wannan suna a kan kwalayen kayan wasa. A 2021 kamfanin Lego ya fitar da jirgin ba tare da sunan ba, aka kira shi jirgin Boba Fett kawai. An goge kalmar, sana'ar mai jirgin kuwa tana nan yadda take.

Masu karatu a Nijar da arewacin Nijeriya da Kamaru ba su bukatar a kai su Amurka kafin su san abin da ake nufi da sa kuɗi a kan mutum. A 2019 dubban mutane suka gudo daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga masu satar mutane don kuɗin fansa. Kowa ya sani kuma da ɗan gari akan ci gari. Akwai wanda ba ya riƙe bindiga, ba ya shiga daji, aikinsa kawai ya faɗi wane ne ya sayar da shanu jiya, wane ne ɗansa yake aiko da kuɗi, a ba shi rabonsa. Shi ma zai ce ba ya ƙin kowa. Delila ma ba a rubuta cewa ta ƙi Samson ba. An rubuta cewa kowane shugaban Filistiyawa ya yi mata alkawarin azurfa 1,100.

Abin da za a iya faɗa a ɗaya gefen

Mai gardama zai ce an yi wa Boba Fett rashin adalci. Han Solo ba bawa ba ne. Ɗan fasa-ƙwauri ne wanda ya ci bashin wani babban ɗan ta'adda, Jabba, bai biya ba. Kamo mai laifi kuwa ba zunubi ba ne. Romawa 13 ta ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba. Ɗan sanda ma ana biyansa albashi domin ya kama mutane, a jihohi da yawa na Amurka kuma doka ta yarda a biya mutum ya kamo wanda ya gudu bayan an yi belinsa. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma, bai ce su bar aikin ba, ya dai ce kada su yi ƙwace, kada su yi ƙazafi, su gamsu da albashinsu (Luka 3:14).

Maganar tana da ƙarfi, ta kuma nuna inda iyakar take. Ɗan sanda na gari yana kai wanda ya kama gaban alƙali, inda za a ji ta bakinsa, albashinsa kuma ba ya ƙaruwa don an sami mutumin da laifi. In aka ce ya kama marar laifi, yana da abin da zai tsaya a kai ya ƙi. Boba Fett ya kai Solo wurin Jabba, wanda ya rataye shi a bango kamar abin ado. Ba shari'a, ba tambaya. Da Solo ne ya fi biya, da Jabba aka kamo. Laifin dokar 1850 ke nan ma, dala goma da dala biyar: ta sa ribar mai hukunci ta dogara ga asarar wanda ake hukuntawa.

Wata gardamar ita ce, labari yana bukatar mugu. Wannan gaskiya ne sarai. A wasan Kirsimati na makarantar Lahadi dole wani yaro ya zama Hirudus, ba kuwa wanda yake tsammani zai girma ya kashe jarirai. Tatsuniya ba ta tafiya sai da Kura da Gizo. Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye Fir'auna ko Yezebel ko Yahuza ba. Yaron da yake da siffar Solo yana bukatar wanda zai bi shi, in ba haka ba wasan bai yi daɗi ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ce duk gidan da aka ga wannan 'yar roba an yi zunubi. Abin lura shi ne matsayin da mugun yake da shi a cikin wasan. A fim na uku, a 1983, Boba Fett ya yi ƙarshe na ban dariya: Solo, wanda idonsa bai gama buɗewa ba, ya buge shi da sanda bisa kuskure, ya faɗa bakin wata dabba a cikin rairayi. Lucas ya ɗauke shi ƙaramin mugu ne wanda ya isa a yar. Daga baya ya ce da ya san yadda mutane za su ƙaunace shi, da ya yi masa mutuwa mai armashi.

Masu kallo ba su yarda da wannan ƙarshe ba, masu sayarwa kuma suka bi su. A 2002 aka nuna yarantakarsa, yadda ya ga an sare kan mahaifinsa a gabansa, domin a ji tausayinsa. Kamfanin Disney ya sayi labarin duka a 2012 a kan dala biliyan huɗu da 'yan kai. A 2020 aka fito da shi da rai, a ƙarshen 2021 kuma aka ba shi shiri nasa na kansa, inda ya hau gadon Jabba yana cewa zai yi mulki da mutunci. Mai bi ba zai ƙi labarin mugun da ya juyo ba, gama bishara ke nan. Amma Zakka, da ya juyo, ya tsaya a gaban jama'a ya yi lissafin waɗanda ya cuta, ya yi alkawarin mayar musu ninki huɗu. A labarin Boba Fett ba a ga ya nemi waɗanda ya sayar ba. An ba shi wahala domin a tausaya masa, an ba shi sarauta domin a girmama shi, tuba ce kaɗai aka tsallake. Da wuya a kauce wa zaton cewa an wanke shi ne domin yana sayuwa.

Inda tsadar ta fito

Yanzu a koma ga dala 1,342,000. Siffar da aka aika wa yara a 1979, mai mannanniyar roka, an yi ta da yawa ƙwarai, wadda aka yi wasa da ita kuma ba ta da wani kuɗi mai yawa. Bambancinta da mai tsadar shi ne ɗan maɓalli da ɗan ƙarfe mai tsalle. Abin da ya sa mai maɓallin ta yi wuya kuwa shi ne an hana ta fita, abin da ya sa aka hana ta kuma ya haɗa da mutuwar yaron nan ɗan shekara huɗu. Wanda ya saya bai kashe kowa ba, ba kuwa daidai ba ne a ɗora masa jini. Amma gaskiya ne cewa da rokar ta fita kasuwa lafiya, da siffar ba ta fi sauran daraja ba. Masu gwanjo sukan ba da labarin hanin a cikin tallarsu, gama labarin yana cikin abin da ake saya.

Ko manyan firistoci, waɗanda suka ƙulla cinikin azurfa talatin, da Yahuza ya watsar da kuɗin a Haikali sun ji nauyin sa su a baitulmali, gama sun san inda suka fito (Matiyu 27:6). Munafunci ne, amma munafuncin da ya nuna cewa lamirinsu bai mutu sarai ba. Sun san kuɗi yana da tarihi. Kasuwa ba ta da wannan jin nauyi. Takan ɗauki kowane abu, har da makoki, ta mai da shi dalilin ƙarin farashi.

Sa'an nan a dubi abin da yakan sami siffar bayan an saye ta. Akwai kamfanoni masu duba irin waɗannan kaya, su ba su maki bisa ga yadda ba su lalace ba, su rufe su cikin akwati mai kama da gilashi. Daga nan ba hannun da zai sāke taɓa ta. An yi ta domin yaro ya harba roka ya yi dariya, ga shi ba yaron da zai kusance ta har abada, in kuwa an harba rokar an ɓatar, dukiya ta zube. Mai farautar da ya daskarar da mutum ya sa shi cikin kaya, shi ma an daskarar da shi, an sa masa farashi, an rataye shi a bangon wani mai kuɗi.

Tara abin tarihi ba laifi ba ne a kan kansa. Wanda ya adana tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932, ko takobin kakansa, yana riƙe wa na baya abin tunawa. Mutane da yawa da suke tara siffofin nan suna neman yarantakarsu ne, ranar da ɗan kwali ya iso daga gidan waya da sunansu a kai, wannan kuwa abin tausayi ne fiye da abin zargi. Ba wanda ya san zuciyar mai sayen, ko abin da yake bayarwa a ɓoye, sai Allah. Sai dai annabi Amos ya yi kuka a kan mutanen da suke sayar da matalauci a bakin takalmi ɗaya (Amos 2:6), abin da ya dame shi kuwa shi ne ma'aunin da ya karkace, inda kaya suka hau, mutum ya sauka. A shekarar da aka biya miliyan 800 na sefa domin siffar mai kamun mutane, akwai iyalai a kan iyakar Maraɗi da Katsina da suke sayar da gona da shanu domin su fanso ɗansu na gaske. Ba mai gwanjon ne ya jawo wannan ba. Amma duniya ɗaya ce, Allah ɗaya ne kuma yake duban ma'aunan biyu.

A ce wani uba mai bi ya dawo daga aiki ya tarar ɗansa yana wasa da ɗan koren sojan nan mai kwalkwali, wanda uwarsa ta saya masa a gwanjo da 'yan canji. In ya ƙwace ya jefa a wuta yana kiran aljanu, ya koya wa yaron cewa mugunta tana zaune cikin roba, ya kuma ƙara wa abin kwarjini. In ya yi banza da shi, ya bar kwalkwalin ya yi koyarwarsa shi kaɗai. Abin da ya fi shi ne ya zauna a tabarmar, ya tambayi yaron ko wane ne wannan, wane aiki yake yi, wa yake bi, wa kuma yake biyansa. Yaro ɗan shekara bakwai ya isa ya gane cewa jarumin nan mai kyan sulke yana sayar da mutane, ya isa kuma a ba shi labarin faston da yake kunna fitila a kan tudu domin waɗanda ake bi. Mai yiwuwa gobe a cikin wasan a sami wani ɗan yumɓu da zai ɓoye wanda ake nema a bayan tukunya. Kafin uban ya tashi kuma, sai ya juya siffar ya duba bayanta da kyau, ya ja rokar da yatsa ya ga ko tana cirewa, musamman in akwai ƙanen yaron mai rarrafe a gidan.